Yadda Maharazu Ya Ƙara wa Sabis Ƙarfi

Idan kana so ka ga fushin Maharazu, kira shi mai gyaran rediyo. Shi Injiniya ne. Haka ya rubuta da jan fenti a ƙofar shagonsa a Unguwar Gawo, can bayan Zango, kuma haka muke kiransa don a zauna lafiya. Gyara kam yana yi. Ka kawo masa rediyo mai kama tasha biyu, ka koma gida da mai kama ɗaya da ragowar kusoshi uku a leda. Amma baki, Allah ya hore masa. Yana kuma da ƙa'ida guda da bai taɓa saɓa mata ba, wato babbar lamba ta fi ƙarama. Da ita yake sayen batir, da ita yake sayen tocila, da ita ya sayi takalmi lamba arba'in da biyar alhali ƙafarsa arba'in ce.

Garinmu a kwari yake, sabis ɗin waya ba ya saukowa da kansa. 'Yan garin da ke zaune a birni ne suka haɗu suka kafa mana busta a shagon Sabiru: eriya a kan doguwar sanda tana kallon turken sabis na Zango, kebul ya gangaro, ya shiga wani farin akwati da ke jikin bango, akwatin ya ƙarfafa abin da ya samu ya watsa mana a dandali. Sandar sabis biyu muke samu a fuskar waya. Magana tana fita tas. Kiran bidiyo ne dai sai a hankali, fuskar mutum takan daskare baki buɗe na ɗan lokaci kafin ta ci gaba.

Ana nan sai matar Abdulbaƙi ta haihu a Fatakwal. Abdulbaƙi autan Iya Nagoggo ne, direban tanka, shekararsa goma sha ɗaya da aure ko ɓari ba a taɓa yi ba. Ranar da labarin ya zo, tsohuwar nan ta zauna a tsakar gida ta yi ta kuka har sai da maƙwabta suka zaci rasuwa aka yi. Namiji ne. Abdulbaƙi ya ce ita za ta zaɓi suna.

Nagoggo ta ce, "Ba na zaɓa wa wanda ban gani ba suna. Ranar suna da safe a nuna mini shi yana motsi, in ga wa ya ɗebo, sannan in faɗa."

Abdulbaƙi ya ce, "Iya, liman ƙarfe takwas zai yi addu'a ya wuce, yana da wasu gidajen. In ba mu ji daga gare ki ba, surukaina sun riga sun tanadi nasu."

"Su ajiye kayansu," in ji ta.

Da aka ce a kai ta Zango inda sabis yake a wadace, ta ce tun da babur ya yar da ita a kududdufi ta rantse ba ta ƙara hawa, mota kuwa sai ranar kasuwa take shigowa garinmu. Saboda haka magana ta tsaya a kan bustar Sabiru.

A nan ne Maharazu ya gyara hula a gaban mai unguwa Sama'ila.

"Ranka ya daɗe, tsohuwa mai shekara tamanin za ta ga jikanta na fari ta wajen auta, a nuna mata shi yana daskarewa? Ina raye? Ku ba ni kwana uku. Sanda biyar zan kawo. Har gashin girar yaron sai ta ƙirga."

Sabiru ya ce, "Injiniya, abin nan fa yana aiki. A bar kaza cikin gashinta."

"Kai sukari ka sani da omo. Bar wa masu ilimi ilimi."

Mai unguwa mutum ne mai son a ce a zamaninsa aka yi abu. Ya ce a ba Maharazu dama.

Ran Laraba ya tafi Daura, ya dawo da yamma yana tafe yana hura hanci. A wajen wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya samo wasu 'yan fanel, wato ƙananan allunan kayan lantarki, guda biyu da aka ciro daga kayan tsohon turken sabis, kowanne bai fi kwalin ashana ba. A tsakiyar kowanne akwai baƙar aisi, wato 'yar ƙwayar nan mai ƙafafu da ake gani a cikin waya, girmanta bai kai ƙwayar wake ba. A gefenta ƙananan makunnai shida a jere, an rubuta musu rabi, ɗaya, biyu, huɗu, takwas, goma sha shida. Har da takardar bayani ta Turanci, shafi uku, a naɗe.

Ya shimfiɗa su a kan tebur. "Ku tara lambobin nan ku gani. Talatin da ɗaya da rabi! Bustarku da ke nan, wa ya san ko biyar ta kai?"

Raihana mai ƙosai, wadda kaskonta yake gindin sandar eriya, ta leƙo. "Talatin da ɗaya da rabi na mene ne, Injiniya?"

"Na ƙarfi mana."

"Takardar ce ta faɗa?"

"Takarda ta masu koyo ce. Ni lamba nake karantawa."

Ran Alhamis da hantsi gari ya taru. Maharazu ya yanke kebul ɗin da ya sauko daga eriya, ya dasa fanel ɗaya a tsakani, ya narka dalma ya liƙe, ya ba aisin wuta da tsohon batirin waya. Ya ce kowa ya ɗaga wayarsa. Tun bai taɓa makunni ko ɗaya ba, Sabiru ya ce sandarsa ta biyu ta fara ƙyaftawa.

"Gyara zama take yi," in ji Maharazu. Ya tura makunnin farko, ya tura na biyu, ya tura na uku.

"Saura sanda ɗaya," in ji mai unguwa yana kallon tasa wayar.

"Ranka ya daɗe, rago ma in zai yi karo sai ya ja da baya."

Ya tura na huɗu da na biyar. Wani dillalin shanu da ke tsakiyar magana da abokinsa na Mai'aduwa ya shiga ihun "Alo! Alo!" yana juyi a wuri ɗaya. Maharazu ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, ya yi bismilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya tura babban, mai goma sha shida.

Wayoyi wajen arba'in ne a sama. Babu wadda ta nuna ko ɗigo.

Raihana ta ce, "Ragon naka ya ja da baya har ya fita gari."

Da wani ne, da kunya ta ishe shi. Maharazu ko gezau. Ya karɓi wayar mai unguwa, ya juya ta, ya girgiza kai cikin tausayi. "Abin da nake tsoro ke nan. Ƙarfin ya fi ƙarfin wayoyinku. Ku ba su kwana guda su saba." Ya kawo akwatin katako ya rufe fanel da busta gaba ɗaya, ya danna kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu, wai kada jahilai su taɓa.

Ranar nan babu wanda ya kira kowa a Unguwar Gawo.

Ran Juma'a bayan masallaci Zubaida ta iso. Jikar Nagoggo ce ta wajen babbar 'yarta, ta karanci lantarki, aikinta ke nan kula da kayan turakun sabis a Katsina. Ta zo ne don ta riƙe wa kakarta waya ranar suna. Da ta ji abin da ya faru, ko ruwa ba ta sha ba ta nufi shagon Maharazu, mutane suka bi ta a baya saboda ba a rasa irin wannan kallo.

"Kawu, ina wuni. Don Allah ara mini takardar da ta zo da abin nan."

Ya miƙa mata yana murmushi. An riga an naɗe balangu da shafi na uku. Ta karanta biyun da suka rage, ta ɗago ta dube shi, ta sake duban takarda.

"Kawu, wannan atenuweta ce. Rage ƙarfin sigina take yi. Aikinta ke nan, ba ta da wani."

"Rage wa? Wane mahaukaci ne zai ƙera abin rage ƙarfi ya sayar?"

"Mu muke sa ta. In sigina ta yi wa na'ura yawa sai ta rikice, kamar lasifikar masallaci in an matso da abin magana kusa da ita, ka ji tana kuwwa. To sai a sa wannan ta rage daidai yadda ake so. Makunnan nan shida kowanne yana gaya wa aisin nawa za ta cire. Desibel ake ce wa ma'aunin. Duk desibel uku, rabin ƙarfin ya tafi. In ka kai talatin, kashi ɗaya cikin dubu ne ya rage. Kai kuma ka tura duka."

Dillalin shanu ya ce, "Wato cikin shanu dubu, saniya ɗaya ya bar mana?"

"Ita ma ba cikakkiya ba, Baba."

Aka fashe da dariya. Maharazu ya haɗe rai.

Zubaida ta sassauta murya, don yarinya ce mai tarbiyya. "Ba komai, Kawu, ba a yi ɓarna ba tukuna. Ba ni makullin, minti biyu in cire ta in haɗa kebul yadda yake. Ko ka mayar da makunnan sifili, duk da cewa ko a sifili takan ci desibel ɗaya da rabi, ga shi nan a rubuce. Abu ɗaya dai, kada ka ba ta wutar da ta wuce bolt biyar da rabi. Uku da ɗigo uku take so."

Da ma ba ta faɗi wannan na ƙarshen ba. Na ga lokacin da idon Maharazu ya yi wal.

"Uku da ɗigo uku!" Ya juya ga jama'a. "Kun ji da kunnenku? Ashe yunwa ce take damun abin. Wannan ai abincin jariri ne. 'Yar nan, ranar da aka yi sunanki ni na haɗa lasifika."

"Na ji labari, Kawu. An ce ba a ji sunan ba sai washegari."

"Ranka ya daɗe," Maharazu ya ce wa mai unguwa, "in na kasa, a goge Injiniya daga ƙofata. Amma makulli ba zan ba yarinyar da na ga ranar da aka haife ta ba."

Mai unguwa ya dubi Zubaida, ya dubi Maharazu, ya shafa gemu. Shi ya ba da izini tun farko, janyewa yanzu kamar ya ce shi ma bai san abin da yake yi ba ne. Ya ce a bar wa Injiniya zuwa gobe da safe, in bai yi ba Zubaida ta karɓa. Zubaida ta ciji leɓe ta tafi.

Asabar, ranar suna, ƙarfe bakwai, aka fito da Nagoggo a hankali, ta ci ado da sabon zane da mayafin da ba ta sawa sai da salla. Aka shimfiɗa mata tabarma a dandali. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk ta jiƙe. Mata sun cika gefe guda, maza gefe guda, Raihana tana ta suya.

Maharazu ya buɗe kwaɗo. Sai ga shi ya riga ya jona fanel na biyu a bayan na farko.

"Sittin da uku," ya sanar.

Zubaida ta dafe kai. "Kawu, ƙarfe bakwai ta yi. Ba ni wuri."

"An ce da safe. Safiya ba ta ƙare ba. Eriyar ce ta karkace, shi ya sa."

Kafin a ce wani abu ya rungumi sanda ya fara hawa. Sanda jiƙaƙƙiya, takalmi kuma ya fi ƙafa da lamba biyar. Yana kaiwa rabi na dama ya suɓuce, ya yi juyi biyu a sama, ya faɗa tsundum cikin ƙullun Raihana.

"Wayyo ƙulluna! Maharazu, Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Cire ki ci gaba, ba a taka komai da shi ba!"

Ya kai sama, ya kama eriya ya juya ta. Da tana kallon Zango, yanzu ta koma tana kallon gonar gero. Ya zamo ƙasa da gudun da bai shirya ba, gaban rigarsa duk ya yi baƙi, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Nagoggo ta ce, "Zubaida, ƙarfe nawa?"

"Bakwai da minti ashirin da biyar, Iya."

"Maharazu, ɗan nan, ka bar yarinya ta gyara."

"Iya, yanzun nan za ki ga aiki."

Ya shige shagon Sabiru ya jawo babban batirin sola, mai bolt goma sha biyu, wanda Sabiru ke sanyaya lemo da shi. Sabiru ya riƙe masa riga, Zubaida ta yi tsalle tana cewa, "Kawu, kar ka yi! Bustar ma biyar take ci!" Amma ina, bakin alƙalami ya bushe. Ya riga ya tanadi wayoyi biyu masu baki, ɗaya ta nufi aisi, ɗaya ta nufi farin akwati.

"Kowa ya ci ya ƙoshi," ya ce, ya danna.

Aka ji ɗas, sannan ɗas, sannan wata 'yar ƙara siririya daga cikin busta. Hayaƙi fari ya fito ta ramukan akwatin a natse, warin ƙonannen roba ya danne ƙanshin ƙosai. Koriyar fitilar da ta shekara uku tana ci a bangon Sabiru ta mutu.

Maharazu ya shaƙi hayaƙin ya yi tari. "Wannan tsohuwar wutar ce take fita."

Babu wanda ya yi dariya. Zubaida ta buɗe akwatin, ta duba, ta rufe. "Ta ƙone. Aisin biyu sun fashe, bustar ma ta tafi. Ba abin da zan iya yi yau."

Bakwai da minti arba'in. Nagoggo ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ta ce a hankali, "Shekara goma sha ɗaya." Wallahi sai da na ji abin ya soke ni. Matan da ke bayanta suka juyo da idanu kan Maharazu gaba ɗaya, Raihana kuwa ta ɗaga matsamin ƙosai tana matsowa. Mai unguwa ya shiga duban sama kamar bai taɓa sanin wani Injiniya ba.

Zubaida ce ba ta tsaya kallo ba. Ta ɗaga waya sama tana zagaya gari da sauri, ta bi ta bayan masallaci, ta bi ta bakin rijiya, can sai muka jiyo muryarta daga yamma. "Ga sanda ɗaya! Ku kawo Iya!"

A kan juji take tsaye. Jujin garinmu tun zamanin kakanni ake zuba masa toka da shara da kashin awaki, har ya fi kowane soro tsawo. Ga shi ruwa ya jiƙa shi ya yi laushi.

Nagoggo ta tsaya a gindinsa ta dube shi. Gwiwoyinta ko dokin ƙofa da ƙyar suke tsallakewa. Matasa biyu suka matso za su ɗauke ta, ta ɗaga musu hannu.

"A'a. Wanda ya ɓata shi zai ɗauka. Maharazu, durƙusa."

"Iya, ni fa bayana..."

"Durƙusa."

Ya durƙusa. Aka ɗora masa ita, aka ɗaure da zanen Raihana yadda ake goyon yaro. Ya fara hawa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, kowane taku sai ya nutse har idon sawu, gari kaf yana biye da shi ana ba shi shawara. Da suka kai sama Zubaida ta miƙa wa kakarta waya. Sanda ɗaya a daidai kafaɗar Maharazu. Da Nagoggo ta ɗaga hannu sama da kansa, sai ga ta biyu.

"Kawu, kada ka motsa. Ko tari kada ka yi."

Takwas saura minti shida kiran ya shiga. Fuskar Abdulbaƙi ta fito, gumi sharkaf, ana jin hayaniyar mutane a bayansa. "Iya! Tun ɗazu nake nema! Liman ya zauna!" Ya juya wayar. Ga ɗan jariri cikin farin tawul, ya yamutsa fuska, ya buɗe baki ya yi hamma, ya dunƙule hannu.

Nagoggo ta ƙura masa ido. Hawaye suka gangaro mata suna ɗiga a wuyan Maharazu.

"Wannan goshin," ta ce, "da wannan ɓata ran ba dalili. Malam ne. A sa masa sunan mahaifinka."

Shekara sittin ba ta taɓa kiran sunan mijinta da bakinta ba, yau ma ba ta fara ba. Abdulbaƙi ne ya juya ya faɗa wa liman, "Mahdi." Daga gindin juji mata suka rangaɗa guɗa, maza suka ɗaga hannu aka shafa fatiha tare da mutanen Fatakwal.

Maharazu, wanda ya nutse har ƙwauri, ya saki ajiyar zuciya ya fara lanƙwasawa zai sauke ta. Ta dungure masa kai da gwiwar hannu.

"Ina za ka? Tsaya da kyau, Injiniya. Ban ga mai jego ba, ban gaisa da surukai ba." Ta gyara zama a bayansa, ta ƙara ɗaga wayar. "Abdulbaƙi, miƙa musu ɗaya bayan ɗaya. Fara da manya."